ALHUDAHUDA: SHARHI A KAN ASALIN SUNAN DA MATSAYINSA A NAHAWUN HAUSA

1.0 Gabatarwa

Kwanakin baya, a wani zaman bita da ya haɗa malaman Hausa na makarantun sakandare daga Kankiya da Kusada da ƙauyukansu, an raba mana wata takardar darasi mai shafi uku a kan harɗaɗɗun sunaye. Takardar ba ta ɗauke da sunan wanda ya rubuta ta, kuma ga alama ta daɗe tana yawo daga hannu zuwa hannu, domin rubutunta har ya dushe saboda yawan kwafa. Galibin abin da ke cikinta daidai ne. Amma a shafi na biyu an kawo sunan tsuntsun nan alhudahuda a jeri guda da kwasakwasa, aka ce wai aikatau huda aka ninka, saboda yadda tsuntsun ke huda ƙasa da bakinsa. Aka ƙara da cewa jinsin sunan mace ne, tun da ya ƙare da wasalin a. Can ƙasa kuma aka yi ɗan tsokaci cewa wasu na ganin daga kalmar Larabci al-huda, watau shiriya, aka samo shi.

Magana uku ke nan, kuma a ganina babu ta ɗauka ko ɗaya. Da a bakin kasuwa aka faɗe su da sai a yi murmushi a wuce. To, amma takardar darasi ce, yara za su haddace ta su amsa jarrabawa da ita, wasunsu kuma gobe su ne za su riƙe alli. Manufar wannan maƙala ita ce a bi waɗannan maganganu a auna su, sa'an nan a duba wani ma'auni da masana suka daɗe suna amfani da shi wajen rarrabe kalmomin aro na Larabci, wanda wannan suna ya ƙi shiga cikinsa.

2.0 Tsuntsun da kukansa

Duk wanda ya tashi a karkarar Katsina ta tsakiya ya san shi. Jikinsa jaja-jaja ne kamar ƙasar jigawa, fukafukansa da wutsiyarsa masu zanen fari da baƙi, bakinsa dogo siriri mai ɗan lanƙwasa, ga tukku a ka wanda yakan buɗe kamar mafici idan ya sauka ko ya firgita. A ƙasa yake kiwo, yana caka baki yana zaƙulo tsutsa da ƙwari, a kogon itace ko ramin bango kuma yake sheƙa. Linnaeus ya yi masa rajista a 1758 da sunan Upupa epops, ya haɗa sunansa na Latin da na Girkanci. Akwai irin da ke zaune a ƙasashenmu duk shekara, akwai kuma baƙi masu ƙetaro Sahara daga Turai idan sanyi ya kama can.

Kukansa shi ne jigon zancen. Gajeren sauti ne mai zurfi, sau biyu ko sau uku a jere, kamar mai hura bakin gora. Wannan kuka ne al'ummu da dama suka mayar suna. Rumawa suka ce upupa, Larabawa suka ce hudhud, mutanen Rasha suka ce udod, mutanen Latbiya da ke bakin tekun Baltik suka ce pupuķis. Kowa da yadda kunnensa ya jiye masa baƙin, amma wasalin u da ninkin gaɓa suna nan kusan ko'ina.

3.0 Batun huda da al-huda

Wanda ya rubuta takardar yana da ɗan uzuri, domin Hausa na da sunayen da aka gina ta ninka aikatau, kuma tsuntsun na huda ƙasa da gaske. Sai dai kunne kaɗai ya isa ya raba gardama. Wasalin farko na aikatau huda dogo ne, kamar yadda ake ji a huji da huje. Wasulan u na alhudahuda kuwa gajeru ne duka biyun. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ya ga kama inda kunne bai ji ba. Wannan cuta ce da ta zama ruwan dare a kundayen ɗalibai, watau a nazarci harshe daga takarda a manta da baki. Bayan haka, ina za a kai al- ɗin? Hausa ba ta ɗora wannan ɗafa-goshi a kan aikatau nata na gado. Muna da dafa-duka da hana-salla da fasa-ƙwauri, babu mai cewa aldafa-duka.

Maganar al-huda ta fi daɗin ji, musamman ga wanda ya san cewa a Suratun Namli tsuntsun nan ne ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin sarauniyar Saba'i da mutanenta masu bautar rana, shi ne kuma ya kai mata wasiƙar da ta zama sanadin shiriyarta. Amma a Larabci saiwar kalmomin biyu daban take. Huda daga baƙaƙe uku take, ha da dal da ya. Hudhud kuwa baƙaƙe huɗu ne, ha da dal aka maimaita, irin ginin da Larabci ke yi wa kalmomin kwaikwayon sauti da motsi, kamar zalzala da waswasa. Ma'anar ta dace da ƙissar, shi ya sa zuciya ke son ta, amma dacewar ma'ana ba hujja ba ce a ilimin asalin kalmomi.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, alhudahuda aro ne daga Larabci al-hudhud. Inda aikin yake shi ne bayyana yadda kalma mai gaɓa uku ta koma mai gaɓa biyar, da dalilin da ya sa ta ƙare da a.

4.0 Ta wace ƙofa ya shigo?

A 1947 Joseph Greenberg ya buga maƙalarsa a kan kalmomin Larabci a Hausa a mujallar Word, inda ya kasa su gida biyu. Rukunin farko tsofaffin aro ne da suka shigo daga Larabcin baka, ta hanyar fatauci da cuɗanya, kuma sau da yawa sukan zo da alif da lam a manne, ko dai cikakku kamar a albasa da alkama da almakashi, ko kuma lam kaɗai kamar a labari da littafi da liman. Rukuni na biyu na baya-bayan nan ne, daga Larabcin littafi ta bakin malamai, kuma galibinsu ba su da alif da lam, kamar hadisi da nahawu da tarihi. Wannan rabo ya yi amfani ƙwarai, har yanzu da shi ake fara koyar da darasin aro. Mervyn Hiskett ya sake duba al'amarin a 1965 ta fuskar tarihi, ya jawo hankali ga rawar da karatun littattafai ya taka. Duk da haka, abin da ya zauna a kan ɗalibanmu shi ne taƙaitaccen hukunci: in ka ga al-, tsohon aro ne daga bakin fatake.

To, a gwada wannan hukunci a kan alhudahuda. Wane falke ne ya ɗauko tsuntsun nan daga Gadamus ko Turabulus ya kawo kasuwar Katsina? Ba haja ba ne, ba baƙo ba ne, yana nan yana kiwo a bayan gari tun kafin raƙumin farko ya iso. Inda Bahaushe ya gamu da sunansa na Larabci shi ne allo.

Kalmar ta zo sau ɗaya tak a Alƙur'ani, a aya ta 20 ta Suratun Namli, wurin da Annabi Sulaimanu ya duba rundunar tsuntsaye bai gan shi ba. A wannan wuri tana da alif da lam, kuma maf'uli ce, don haka dal ɗinta na ƙarshe fataha gare shi. Watau abin da almajiri ke rubutawa a allonsa, yake kuma biyawa da ƙarfi har ya zauna masa, shi ne al-hudhuda. Ra'ayina shi ne wannan siga ce Hausa ta ɗauka ɗungurungum, da alif da lam ɗinta da fataharta.

Ga dalilaina. Na farko, abin da Hausa ta saba yi wa sunan Larabci na namiji mai ƙarewa da baƙi shi ne ta ƙara masa i: alƙalami, littafi, labari, hadisi, malami, aljani. Da wannan hanya aka bi, da alhudahudi muke cewa. Na biyu, akwai ayarin sunaye da suka shigo da fatahar Alƙur'ani a ƙeyarsu, kuma dukkansu na maza ne: Dauda, Haruna, Ayuba, Yunusa, Isma'ila, Fir'auna, Ƙaruna. Waɗannan sunaye ne da ba sa karɓar kisira a li'irabi, don haka fataha ce ke yawan bayyana a kansu, ita kunnen Bahaushe ya fi ji. Wasu kuma da rufu'a suka shigo, kamar Adamu da Nuhu da Yakubu. Abin sha'awa, a aya ta 16 ta wannan sura dai, inda aka ambaci cewa ɗa ya gaji ubansa, sunan ɗan fa'ili ne mai rufu'a, na uban kuma maf'uli mai fataha, kuma haka sunayen biyu suke a bakinmu har gobe: Sulaimanu da Dauda. Ba na cewa daga wannan aya kaɗai aka ɗauko su, amma ta nuna yadda li'irabi ke daskarewa ya zama jikin kalma. Sigar nan ta biyu da ake ji a wasu bakuna, alhuduhudu, ita ma ta sami mazauni a wannan bayani, domin ita ce al-hudhudu mai rufu'a, yadda malami zai ambaci kalmar ita kaɗai in yana fassara ko yana ba da ƙissa.

Dalili na uku ya fi ƙarfi a wurina, kuma ya shafi dal na tsakiya. Tun a ƙarshen shekarun 1920 August Klingenheben ya bayyana cewa wasu baƙaƙe ba sa zama lafiya a ƙarshen gaɓar Hausa. Irin su t da d da ɗ sukan koma r. Shi ya sa jam'i fatake ne amma tilo farke, ko falke a bakinmu na Katsina. Ɓata ta ba da ɓarna. Kada ta gajarce ta zama kar. Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne huɗu, wadda in aka ninka ta aka gajarce sai a ce hurhuɗu. Ashe ke nan da hudhud ta daɗe tana gogayya a bakin 'yan kasuwa, da alhurhudu ko makamancin haka muka gada. Ba a sami haka ba. Dal ya tsira, aka saƙala masa wasali. Me ya tsare shi? Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san dal na cikin haruffan ƙalƙala guda biyar, waɗanda in suka zo da ɗauri ba a danne su, sai an ɗan girgiza su har a ji kamar wasali na biye. A karatun tsangaya, inda yara ke rera aya da iyakar muryarsu, wannan ɗan girgizawa yakan cika ya zama wasali sosai. Haka aka sami ƙudura da huɗuba da hijira. A kwatanta da Abdu, wanda da ya faɗa bakin kowa da kowa a Kano ya koma Audu, ko da yake mu nan muna riƙe da b ɗinmu, kamar yadda muke riƙe da m a zamna da amre.

Akwai abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi, kuma gara in faɗe shi da kaina. Saƙala wasali tsakanin baƙaƙe biyu abu ne da Hausa ke yi wa kalmomin aro ko daga ina suka zo, har na Ingilishi, kamar a tebur da fursuna da sukurudireba, inda babu zancen ƙalƙala. Kuma alkama ta ƙare da a alhali asalinta baƙi ne a ƙarshe. Gaskiya ne. Amma alkama da albasa sun zama mata a Hausa, watau harshen ya ɗauki a ɗinsu a matsayin alamar jinsi. Alhudahuda bai zama mace ba, kamar yadda Dauda da Fir'auna ba su zama ba. Wannan bambanci ne ya sa nake ganin a ɗinsa irin nasu ne.

In haka ne, alif da lam ba su isa su zama shaidar cewa kalma ta bakin fatake ce ba. Akwai ƙofa ta uku da rabon gida biyu bai ba ta haƙƙinta ba, ita ce makarantar allo, inda yaro ke haddace lafazi shekaru kafin ya san nahawun da zai gaya masa cewa al- ba jikin kalma ba ce. Malamin da ya yi zurfi yakan cire ta. Kolo da titibiri ba sa cirewa, kuma su ne masu yawa, su ne kuma ke komawa gona da kasuwa da abin da suka haddace.

5.0 Jinsi da sauran al'amuran nahawu

Ka'idar da ake koya wa 'yan aji ɗaya, cewa sunan da ya ƙare da a mace ne, ka'ida ce ta galibi. Gida da ruwa da suna da nama da wata duk maza ne. A cikin tsuntsaye ma hankaka namiji ne, shi ya sa ake ce masa mai da ɗan wani naka, gauraka namiji ne, zakara kuwa ba a magana. Ungulu ga ta da u amma mace ce, kowa ya san ba ta jewar banza. Paul Newman ya nuna a 1979 cewa yawancin sunayen mata sun sami a ɗinsu ne daga ɗafa-ƙeyar da aka ƙara musu daga baya, irin wadda ake gani a shamuwa da mujiya da kurciya da hasbiya. Ba a ce duk a ɗin da aka gani wannan ɗafa-ƙeya ce ba.

Hanyar gane jinsi ita ce a saurari abin da ke biye da suna. A Kankiya da Kusada, inda bambancin ne da ce ke nan daram, ba kamar wasu sassan Zazzau da Bauci da ya yi rauni ba, abin da ake ji shi ne alhudahuda ne, ya sauka, ya buɗe tukkunsa. Mahaɗinsa -n ne: alhudahudan Annabi Sulaimanu. Kirarinsa ma ya yanke hukunci, domin malamin tsuntsaye ake ce masa, ba a taɓa jin malamar ba. Takardar bitar ta bar duk wannan shaida ta kama harafin ƙarshe.

Cewa al- ta mutu a cikin kalmar a fili yake, tun da ana cewa wani alhudahuda, ana kuma cewa alhudahudan da muka gani jiya, a ɗora madanganci na Hausa a kan kalmar da ta riga ta zo da na Larabci. Jam'in Larabci, hadahid, bai biyo ta ba. Da wuya ma a ji jam'in a zance, domin tsuntsun ba mai tafiya garke ba ne kamar belbela, ɗaya ake gani ko biyu. In ta kama dole, awon almajirai da alƙalai ne zai ba da alhudahudai.

A Zariya an sami sigogin biyu a sunayen ma'aikatu: ga Kwalejin Alhudahuda da ke cikin birni, ga kuma kamfanin ɗab'i na Hudahuda da ya fitar da littattafai a shekarun 1980. Na biyun ya yar da al- amma ya bar wasulan da Hausa ta saƙala, ya zama ba Larabci ba, ba kuma yadda mutanen karkara ke faɗa ba.

6.0 Abin da sunan Latbiya ke koya mana

Na ambaci pupuķis a baya, kuma yana da kyau a ɗan tsaya a kansa, domin ya bi hanyar da ta saɓa wa tamu. (A lura, ƙugiyar da ke ƙarƙashin k ɗin nan ba ta mayar da shi ƙ namu ba, furucinsa ya fi kusa da ky.) Harshen Latbiya ɗan'uwan na Lituweniya ne, masu magana da shi ba su kai miliyan biyu ba, kuma ba shi da abin da ya yi kama da alif da lam. Su ba aro suka yi ba. Kukan suka ji, pu-pu, suka ɗora masa ƙarshen -is, wanda nan take ya sa shi a sahun sunayen maza, ya kuma ba shi li'irabi mai rai: pupuķis in shi ne mai aiki, pupuķa in mallaka ake nufi, pupuķim in shi aka yi wa, pupuķi in a kansa aikin ya faɗa. A can ƙarshen kalma ne ke yanke jinsi kuma yana sauyawa da matsayinta a jimla. A nan kuwa mun ari ƙarshen da yake sauyawa a gidansu, muka daskarar da shi, muka kuma ƙi barinsa ya yanke mana jinsi. Da marubucin takardarmu nahawun Latbiya yake koyarwa, da dubansa ga harafin ƙarshe ya fi yi masa rana.

Suna da wani suna na gargajiya da suke kiransa da shi, bada dzeguze. Dzeguze wani tsuntsu ne mai kuka biyu-biyu, bads kuma yunwa, watau dai mai shelar yunwa. Tsuntsun da muka naɗa wa rawani, wanda hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito daga Ibn Abbas ya hana a kashe shi tare da tururuwa da ƙudan zuma, wanda Fariduddin Attar ya sa shi jagoran tsuntsaye a Manɗiƙuɗ Ɗairi, shi ne a wata ƙasa ake jin kukansa da faɗuwar gaba.

Sai gargaɗi guda ga ɗalibanmu masu neman digiri na biyu, domin na sha ganin an jera irin waɗannan sunaye a kundi an ce ga shaidar dangantakar harsuna. Kamar da ke tsakanin upupa da hudhud da pupuķis daga maƙogwaron tsuntsun take, ba daga kakannin masu magana ba. Hausa da Larabci dangi ne, Greenberg ya tabbatar da zaman harsunan Cadi a cikin wannan babban gida a littafinsa na 1963, amma shaidar tana ga kalmomi irin su mutu da suna da me, da ta ta mace. Alhudahuda baƙo ne da aka saukar, ba ɗan gado ba. Haka nan aron suna ba ya nuna cewa Bahaushe bai san abin ba kafin ya ara. Ya san ƙirga ashirin da talatin sarai lokacin da yake cewa gomiya biyu da gomiya uku.

7.0 Gyaran takardar

Abin da na roƙi 'yan'uwana malamai a wurin bitar shi ne a cire sunan daga babin harɗaɗɗun sunaye a kai shi babin kalmomin aro, a rubuta shi kalma guda ba tare da karan ɗori ba, a sa masa jinsin namiji, a kawo alhuduhudu a gefensa a matsayin siga ta biyu, kada a soke wa yaro ita. Wani dattijon malami daga wajen Mawashi, wanda ya yi tsangaya kafin ya shiga boko, ya ce shi bai ga abin da ya kai ga dogon bayani ba. Ya karanto ayar da ka, da irin karatun da aka biya masa yana yaro, ya tsaya a kan kalmar, ya maimaita ta sau biyu. Gaɓa biyar muka ƙirga.